Giwa a Garin Wani

A gidajen kallon ƙwallo na Mararaba akwai wata tambaya da ake kashe bakin mutum da ita. Musu ya yi zafi a lokacin hutun rabin lokaci, janareto na ruri a bayan rumfa, wani ya jawo sunan ɗan wasan da sauran ba su taɓa ji ba domin ya kafa hujja, sai ka ji an ce masa daga bencin baya: "Wa ya san shi?" Mai tambayar ba amsa yake jira ba, ya riga ya yanke hukunci. Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka jefa wa tambayar yakan yi shiru, domin shi ma can cikin ransa ya yarda cewa duk wanda ba a sani a wannan rumfar ba, bai yi abin da ya isa a san shi ba.

A ganina babu garin da ya kamata ya fi Mararaba ƙin yarda da wannan hukunci. A takarda tana ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, a aikace kuwa makwancin Abuja ce. Tun kafin assalatu motoci suke cika hanyar Keffi, su bi ta Nyanya su gangara birni, da daddare su dawo da mutanen da suka kwasa. Mafi yawan mazaunanta an san su a wani wuri dabam. Mai tura baro a Kasuwar Orange wataƙila ɗan mai unguwa ne a garinsu. Dattijon da kwandasta yake daka wa tsawa ya matsa, idan ya je gida hutun salla durƙusa masa ake yi a gaishe shi. Bahaushe ya daɗe da faɗin cewa giwa a garin wani zomo ce, kuma mutanen Mararaba a jikinsu suka san wannan karin magana. Sai ga shi idan aka zo zancen ƙwallo mun manta, mun ɗauka girman da idonmu ya gani shi ne girman dabbar.

A gwada da 'yan wasan Japan. Duk matashin da ke zuwa kallo zai kawo Mitoma na Brighton, zai tuna Tomiyasu da ya buga wa Arsenal, da Minamino da ya ratsa ta Liverpool. Wanda ya ɗan manyanta zai ƙara da Kagawa saboda Manchester United, da Okazaki saboda kofin da Leicester ta ɗauka a 2016. Masu furfura a gemu za su ce Nakata, su ce Inamoto. Idan ka ce Endo, za a amsa maka da sauri cewa ai an san shi, wanda Liverpool ta saya a 2023. Wataru Endo suke nufi. Akwai wani Endo, mai suna Yasuhito, wanda ya buga wa ƙasarsa wasa 152, adadin da babu ɗan Japan da ya kai, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar Asiya a 2009, ya yi ritaya a farkon 2024. A rumfunanmu ko sunansa bai samu ya riƙe ba, wani ya riga ya zauna a kai.

Abin da ya sa labarinsa ya tsaya mini a rai shi ne Yasuhito Endo ya taɓa taka ƙasar Hausa. A watan Afrilun 1999 Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, aka raba wasannin tsakanin Legas, Ibadan, Enugu, Fatakwal, Kalaba, Kaduna, Kano da Bauchi. Japan ta faɗo rukunin da ke Arewa, tare da Kamaru da Amurka da Ingila. Kocinsu Bafaranshe ne, Philippe Troussier, wanda shekara biyu kafin nan shi ne yake horar da Super Eagles. Wasansu na farko a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata suka buga shi, cikin zafin bazarar Kano, Kamaru ta ci su 2-1. Daga nan suka koma Bauchi, filin Abubakar Tafawa Balewa ya karɓe su: suka doke Amurka, suka doke Ingila, suka fitar da Fotugal a bugun fenariti. A Ibadan suka kori Meziko, a Legas suka kori Uruguay. Ranar 24 ga Afrilu suka haɗu da Sifaniya ta su Xavi a wasan ƙarshe, aka lallasa su 4-0. Mu masu masauƙi tun a zagayen kwata-fainal Mali ta sallame mu. A tarihin ƙwallon Japan wannan tafiya babbar aba ce, domin ita ce karon farko da wata tawagarsu ta kai wasan ƙarshe a gasar FIFA, kuma yaran da suka yi ta su ne suka riƙe tawagar ƙasar shekara goma da suka biyo baya. Ke nan akwai mutane a Osaka da Saitama waɗanda sunan Bauchi yake da wani matsayi a zuciyarsu, alhali a Bauchi kaɗan ne za su iya kawo sunan mutum uku daga cikin yaran da suka yi wa tafi.

A cikin waccan tawaga akwai Shinji Ono, kyaftin, wanda daga baya ya ci kofin UEFA da Feyenoord a 2002, ya ci gaba da wasa har ya kai shekara 44. Akwai Junichi Inamoto, akwai Endo. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka fi nuna abin da nake nufi. Inamoto ya je Arsenal a 2001, ya shekara guda bai buga ko wasa ɗaya na gasar Firimiya ba, sai 'yan wasannin kofi. Amma lokacin Kanu yana can, rabin Nijeriya ta koma goyon bayan Arsenal, duk wanda ya sa jar rigar nan ko a benci yake an haddace sunansa. Ya ci ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2002, ya koma Fulham, ya sake haɗuwa da Kanu a West Brom. Endo kuwa bai taɓa zuwa Turai ba. Ya zauna a gida, mafi yawan shekarunsa a Gamba Osaka, ya ci kofin zakarun Asiya da su a 2008, ya zura wa Manchester United fenariti a gasar kulob-kulob ta duniya a ƙarshen wannan shekara, ya ci Denmark da bugun tazara a Afirka ta Kudu a 2010. Duk wanda ya auna aikin mutanen biyu a filin wasa ba zai ce Endo yana bayan Inamoto ba. Bambancinsu ɗaya: ɗaya ya bi ta ƙofar da muke leƙe, ɗaya bai bi ba.

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage, kuma ba ta ɗauke su abu guda ba. Akwai tashe, akwai fice, akwai shahara, akwai farin jini, akwai ɗaukaka, sannan akwai suna. Tashe da lokaci yake tafiya. Ana cewa wane yana tashe, kuma da zarar an ce ya yi tashe, mai saurare ya gane an wuce wurin. Fice ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an ce a cikin su wa: ya yi fice a cikin tsaransa, ya yi fice a sana'arsa. Awo ne na aiki, kuma sai wanda ya san sana'ar yake iya yin sa. Shahara faɗi take aunawa, wato iya nisan inda labarin mutum ya kai, ba ta tambayar me ya yi. Ɗan fashi ma yakan shahara. Farin jini ba ruwansa da aiki, so ne kawai da Allah yake sa wa mutum a zukatan jama'a. Ɗaukaka kuwa Bahaushe bai yarda ta mutum ce ba, ya bar wa Mai ita.

Suna ya bambanta da su duka. Shi ne ake yanka rago a raɗa wa jariri ran kwana bakwai, tun bai yi komai ba. Daga baya sai a ce ya yi suna, kamar dai abin da aka ba shi fanko ya cika shi da aikinsa. Ana ɓata suna, ana wanke shi, ana cin albarkacinsa, kuma shi kaɗai ne a cikin jerin nan ake bari a baya. Ba a cewa mamaci ya bar tashe ko ya bar farin jini, ana cewa ya bar suna. Sai dai barin yana da sharaɗi, domin suna abin kira ne. Idan babu bakin da ke kiransa, ya tafi ke nan ko da mai shi yana raye.

Da wannan za a ga inda tambayar gidan kallo ta karkace. "Wa ya san shi?" tambaya ce a kan shahara, amma hukuncin da ake yankewa da ita a kan fice ne. Ana tambayar nisan da labarin mutum ya yi, a amsa da cewa bai iya ba. Ita kuwa shahara a wurinmu hanya ɗaya take biyowa, ta tauraron ɗan'adam zuwa faifan da aka kafa a kan rufin rumfa: Firimiya ranar Asabar da Lahadi, gasar zakarun Turai Talata da Laraba, sai La Liga idan Madrid ko Barcelona za su buga. Mai gidan kallo yana sayen mai, yana biyan kuɗin DStv, ba zai kunna wasan da ba zai cika masa benci ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ga kuma agogo. Japan tana gabanmu da awa takwas. Wasan da aka fara da ƙarfe biyu na rana a Osaka, ƙarfe shida na safe ne a nan, lokacin da mutumin Mararaba yake tsaye a bakin titi yana kokawar shiga mota. Rashin sanin Endo ba laifi ba ne. Laifin yana wajen mayar da rashin saninmu ma'aunin mutum.

Hidetoshi Nakata shi ne ya samu duka biyun, ficen da shaharar. Ya tafi Perugia a 1998, ya ci gasar Serie A ta Italiya da Roma a 2001, sau biyu ana zaɓensa gwarzon Asiya. Da Pele ya fitar da jerin manyan 'yan wasa masu rai a 2004, Nakata ne kaɗai ɗan Japan a ciki, kamar yadda Okocha ne kaɗai ɗan Nijeriya, kuma shekara guda bayan nan su biyun suka haɗu a Bolton. Sai ga shi bayan gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus ya ajiye ƙwallo yana ɗan shekara 29, yana tsakiyar ƙarfinsa. Yau yaron da aka haifa a shekarar da ya bari ya isa aure, kuma a gidan kallo idan ka ce Nakata zai dube ka ne kawai. Abin da muke kira shahara a rumfa, idan aka bi shi da kyau, yawancinsa tashe ne: yana nan muddin fuskar mutum tana fitowa a allo duk mako.

Da a kan baƙi abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Giwar wani gari ta zama zomo a wurinmu, wannan tsohon zance ne. Sabon abu shi ne tamu giwar ta zama zomo a cikin gida. Uzurin agogo bai shafi Kano ko Lafiya ba. Wasan gasar Nijeriya da ƙarfe huɗu na yamma ake take shi, rana ɗaya da lokaci ɗaya da na Ingila, kuma kowa ya san wanda ake zaɓa.

Rabi'u Ali shi ne Endo namu. Ya shafe shekaru yana riƙe da tsakiyar Kano Pillars, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, ya ci wa Nijeriya ƙwallaye a gasar 'yan wasan gida ta Afirka a 2014, ya haura shekara 40 yana taka leda. A Ƙofar Mata idan ya ɗauki ƙwallo zai buga tazara, filin gaba ɗaya miƙewa yake yi. A Mararaba sai Bakano ko wanda ya zauna Kano ne zai ɗaga kai idan an ambace shi. Ita kanta Pillars a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, kuma ƙungiyar da ta karya wannan tarihi a 2015 ita ce Nasarawa United, ƙungiyar jihar da Mararaba take ciki. A wace majalisa ta garin nan ake ba da wannan labari? Yaron da zai lissafa maka 'yan benci na Chelsea ba tare da ya numfasa ba, bai san ƙungiyar jiharsa ta taɓa yin wannan ba.

Hanyar da suna yake bi wani lokaci ba ta da alaƙa da abin da mutum ya fi wahala a kai. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ya buga wa Ajax, yana cikin tawagar da ta ciyo zinare a Atlanta a 1996. A hanyarsu ta zuwa zinaren sun doke Japan ta su Nakata 2-0, kwana biyu bayan ita Japan ɗin ta ba duniya mamaki ta ci Barazil. A 2000 ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Legas a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka. Duk da haka, a Japan da ƙasashe da yawa na Asiya abin da ya riƙe sunansa shi ne wasan bidiyo na Winning Eleven da kamfanin Konami yake yi, wanda yaranmu ma suka sha bugawa a shagunan gem. A cikin wasan an ba shi gudun da kusan babu mai kamo shi, sai duk mai son cin abokinsa ya nemi ya sa shi a gaba. Mutanen da ba su taɓa ganin wasansa na gaske ko sau ɗaya ba suna kiran sunansa da ƙauna har yau. Ba na raina wannan. Suna ne, kuma ana kiransa. Amma yana nuna cewa wanda ya riƙe na'urar yaɗawa shi yake zaɓar abin da za a tuna mutum da shi.

Ƙaninsa Ibrahim yana cikin yaran da suka ciyo wa Nijeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 1993, a ƙasar Japan, tare da Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro. A hanya su ma sun fitar da masu masauƙi, Nakata yana cikinsu. Ibrahim ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya a watan Mayun 2024, Allah ya jiƙansa. Sunansa ɗaya da na tsohon shugaban ƙasa, don haka duk mai ba da labarin rasuwar sai da ya ƙara bayani kafin a gane wanda ake nufi. Mutumin da ya ɗauko wa ƙasarsa kofin duniya ya rayu a inuwar sunan wani, kamar yadda Yasuhito yake a inuwar Wataru a rumfunanmu.

Akwai kuma wanda ake kira ƙaurin suna, kuma shi ya fi kowanne saurin tafiya. Sani Kaita, ɗan Kano, ya kai wasan ƙarshe na kofin duniya na matasa a 2005, ya ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Ranar 17 ga Yunin 2010 a Bloemfontein, Nijeriya tana gaban Girka da ci ɗaya, ya ɗaga ƙafa ga ɗan wasansu a bakin layi, aka ba shi jan kati, aka ci mu 2-1. Daga ranar, shekarun da ya yi yana tare ƙwallo a tsakiyar fili suka shafe, daƙiƙa ɗaya ta zauna a madadinsu. Kwana goma sha biyu bayan nan, a gasar dai, Yuichi Komano na Japan ya buga fenariti ta daki ƙarfen sama, Paraguay ta wuce. Shi ma da wannan bugun aka fi tuna shi a wajen ƙasarsa. Kaita ya yi kuskure, babu mai musu. Amma al'ummar da ba ta ajiye tarihin 'ya'yanta ba, ranar da suka faɗi kawai take iya tunawa, domin ita ce ranar da duniya ta nuna mata su.

A nan ne nake ganin ƙwallo tana da abin koyo a wurin dambe, kuma ba sai an yi nisa ba, domin Mararaba tana da gidan dambenta da ake cika shi, 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada suna zuwa. Ka saurari yadda sanƙira yake kiran 'yan wasa: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane. Yaro ba ya shiga fili da sunansa shi kaɗai, yana ɗauke da sunan ubangidansa, wanda sau da yawa tsohon ɗan dambe ne da ya daɗe da kwance zare. Duk ranar da yaron ya yi kisa, an kira sunan tsohon a gaban jama'a. Wannan tsari ne na hana suna mutuwa, kuma ba wanda ya zauna ya rubuta shi. Ga kuma makaɗa. Ɗan damben nan Shago ya daɗe da barin duniya, mafi yawan masu jin sunansa yau ba su ga dambensa ba, amma waƙar da Ɗan Anace ya yi masa ta sa har jikokin waɗanda suka kalle shi sun san shi, sun san abokin karawarsa Ɗandunawa.

A ƙwallo sai muka juya abin. Yaron unguwa idan ya iya yanka, sai a ce masa Messi. Idan yana da tsalle, Ronaldo. Rabi'u Ali kansa laƙabin da Kano ta ba shi Pele ne. Da ƙauna aka ba shi, na sani, amma a duba inda ribar take tafiya: duk ƙwallon da ya ci, sunan mutumin Barazil ake ɗagawa. Ɗan dambe yana aro daga ubangidansa na gida, ɗan ƙwallo yana aro daga wanda bai san da zamansa ba. Ina jiran ranar da zan ji ana kiran wani yaro a filin makarantar firamare a Masaka ko Ado da Autan Rabi'u, ko Garba Lawal ƙarami, ko Yekinin unguwa. Rashidi Yekini a Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, shi ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya bar ƙwallo 37 a tarihi. Ya rasu a 2012 cikin kaɗaici. Masaƙar da ta raine shi ma ta daɗe da yin shiru.

Kalmar da muke sallamar mutum da ita ita ce "tsohon ɗan wasa." Tsoho a Hausa yana da fuska biyu. Akwai tsohon da ake ba wuri a zaure a nemi shawararsa, akwai tsohon abu da aka jingine a bayan ɗaki. Wanne muke nufi, ya danganta da abin da muka yi wa mutumin bayan ya bar fili. Japan ta zaɓi na farko, kuma da gangan ta zaɓa. Hukumar ƙwallonta ta kafa zauren karrama magabata a 2005, kuma cikin rukunin farko da aka shigar akwai Kunishige Kamamoto, wanda ya ci ƙwallo 75 a wasa 76. A gasar Olamfik ta Meziko a 1968 shi ya fi kowa cin ƙwallo, Japan ta samu tagulla, kuma uku daga cikin ƙwallayensa bakwai a ragar Nijeriya ya zuba su, a wasan da aka tashi 3-1. Yaron Japan da ke son ƙwallo yana da inda zai je ya karanta wannan. A tawagar Nijeriya ta waccan shekara akwai Sam Garba Okoye na Jos, wanda dattawan da suka ga wasansa har yau ba su yarda an yi kamarsa ba. Ya rasu a 1978. Yaron Jos ko na Mararaba a ina zai je ya same shi?

Mighty Jets ta Jos ita ta fara cin gasar ƙasa a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988, kuma daga cikinta Daniel Amokachi ya fito. Waɗannan ba tatsuniya ba ne, mutane ne suka yi, wasunsu suna nan da rai a unguwannin Fagge da Tudun Wada da Nasarawa Gwom, suna zuwa masallaci da coci, ana wuce su a hanya. A Kudu aƙalla an sa wa filaye sunayen 'yan wasa: Teslim Balogun a Legas, Dan Anyiam a Owerri, Stephen Keshi a Asaba, Samson Siasia a Yenagoa. Manyan filayenmu na Arewa kuwa, Ahmadu Bello a Kaduna, Sani Abacha a Kano, Tafawa Balewa a Bauchi, Muhammadu Dikko a Katsina, Rwang Pam a Jos, duk sunayen shugabanni da sarakuna ne. Ba na cewa a cire ko ɗaya. Amma fili yana da ƙofofi, yana da rumfunan zama, yana da ɗakin sauya kaya, kuma kowannensu zai iya ɗaukar sunan wanda ya zubar da gumi a wurin.

Ba za mu iya sa duniya ta san Rabi'u Ali ba, kamar yadda mutanen Osaka ba za su iya sa Mararaba ta san Endo ba, kuma su ba su tsaya jiran hakan ba kafin su girmama nasu. Abin da ke hannunmu ƙarami ne kuma mai yiwuwa. Gidajen rediyon Hausa da ke Abuja da Keffi da Kaduna da Kano suna da shirye-shiryen wasanni kusan kullum, mafi yawan lokacin yana tafiya wajen cinikin 'yan wasan Turai. A ware kwata ɗaya na awa a mako a gayyato tsohon ɗan Raccah ko na Ranchers ya faɗi yadda aka yi da bakinsa, a naɗa, a ajiye. Ɗaliban sashen Hausa da na tarihi a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta jihar Nasarawa da ke Keffi suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga shi nan a ƙofar gida. Mawaƙanmu da ke yi wa 'yan siyasa waƙa duk zaɓe, su tuna abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago. Masu horar da yara a filayen unguwa, idan za ku raɗa wa yaro laƙabi, ku fara dubawa a gida. Waɗanda suka buga a 1978 yau sun haura shekara 65, don haka wanda zai je wurinsu da rikoda ya tafi a wannan shekarar.